Yadda za ka tono tarihin tsohon ginin kotu da ya koma ofishin ƙaramar hukuma

Wani ƙanena da ke karatu Amurka ya turo min hoto ta WhatsApp kwanan baya, hoton wani tsohon ginin dutse a garin Lincoln na jihar Nebraska, ya ce Yaya dubi wanga gini, gwamnatin tarayyarsu ce ta gina shi tsakanin 1874 da 1879 don gidan waya da kotun tarayya, da anka gina musu sabo sai anka bar ma hukumar gari shi a 1906, nan shugaban gari da kansiloli sunka zauna har 1969, kuma yau ɗin nan yana nan tsaye. Ya ƙara min da wani a Rochester ta jihar New York, shi ma ginin tarayya ne mai kotu a ciki da anka gama a 1889, tun 1978 kuma shi ne hedikwatar hukumar birnin. Kyawon ginin bai dame ni ba kamar yadda yaron ga ya samo shekarun nan duka cikin minti biyar yana tsaye bakin titi da waya a hannu, don su can tun 1966 suna da rajista ta ƙasa da ake shigar da tsofaffin wuraren tarihi, kowane gini da bayaninshi a rubuce.

Mu ma ƙasar Sakkwato muna da irin waɗanga gine-gine, ba ɗaya ba ba biyu ba. Ɗakin da alƙali ya shekara da shekaru yana raba gado yana sauraron ƙarar aure da rikicin iyakar gona, yau ka shiga ka ishe teburin mai karɓar haraji ko buhunan taki jibge har rufi, wanda ke zaune ciki kuma bai san komi ba kan wurin. Kawuna, Allah shi jiƙan shi, masinjan kotu ne a wani gari wajen birni, ginin da ya yi aiki ciki yanzu wani sashe ne na sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma sai bayan rasuwarshi na farga ban taɓa zama na tambaye shi labarin wurin ba, abin ya ci min rai ƙwarai. Shi ya sa na kama bin sawun ginin da kaina, na yi ta kai da kawowa, na ɓata kuɗin mota a inda bai kamata ba, abin da na koya shi ne zan zuba nan don wanda zai yi bayana ya samu sauƙi.

Kafin ka taka ƙafa ko'ina, ka fara sanin wace irin kotu ce ake magana. Mutanenmu duk inda anka yi shari'a kotu suke ce mishi, to amma ba ɗaya suke ba kuma takardunsu ba wuri ɗaya suke ba. Akwai kotun alƙali ta zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin Sarki, akwai majalisar shari'a ta Sarki, akwai kotun majistare da babbar kotu inda joji ke zama, sannan akwai kotun tarayya. Ita kotun tarayya a Najeriya yarinya ce, a 1973 anka kafa ta a matsayin kotun harkokin kuɗin shiga na tarayya, tsarin mulkin 1979 ne ya mayar da ita Babbar Kotun Tarayya. Ke nan duk wanda ya ce maka wani gini kotun tarayya ne tun zamanin Turawa, ka gode mishi ka rubuta maganar, amma ka san akwai gyara, galibi kotun majistare yake nufi ko ofishin Di'o, wato Baturen mulki mai kula da yanki. Ni sai da na yi wata biyu ina tambaya da sunan da ba shi ne ba, ina cewa babbar kotu alhali kotun alƙali ce, duk wanda na tambaya sai ya nuna min wata hanya daban.

Abu na biyu kuma shi ne ginshiƙin aikin duka, don haka zan daɗe a kanshi. Gini ba ya canza aiki haka kawai, sai in hukuma ta canza fasali, kuma takarda ba ta zama tare da gini, mai iko take bi. In ka riƙe shekarun da mulki ya juya a ƙasar nan, ka san lokacin da ya fi yiwuwa ginin ya canza hannu, kuma ka san garin da fayil ɗin ya nufa. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, daga nan anka shiga tsarin Razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardi, da Di'o da En'e, kotunan alƙalai suna ƙarƙashin En'e, albashin alƙali da muhuti, wato mataimakinshi, da masinja daga baitulmali yake fitowa, ginin ma yadin En'e ne ke yi ko gyarawa. Haka abin ya tafi har bayan samun 'yanci a 1960. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasa jiha 12, munka zama Jihar Arewa maso Yamma da hedikwata Sakkwato, kuma tsakanin 1967 da 1968 anka ɗauke kotuna daga hannun En'e anka mayar da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatin jiha, a wannan zamanin ne kuma 'yan doka, wato 'yan sandan En'e, da gidan yari na En'e sunka koma hannun tarayya. Sai 1976, shekara mai nauyi biyu: a watan Fabrairu anka raba jihar zuwa Sakkwato da Neja, a cikin shekarar kuma anka yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi da ya kawo ƙarshen tsarin En'e, sababbin ƙananan hukumomi sunka tashi suna neman inda za su aje teburi, abin da sunka samu a ƙasa kuwa tsofaffin gine-ginen En'e ne. Kebbi ta fita a 1991, Zamfara a 1996, yanzu jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, kuma duk sanda anka ƙirƙiri sabuwa sai an yi rabon kaya, daga motoci har gine-gine har fayil. A 2000 kuma anka koma tsarin kotunan shari'a, wasu sunka samu sabon mazauni.

To ka ga amfanin jerin ga. In garin da kake bincike ya taɓa zama ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma kafin a ba shi tashi, takardar miƙa ginin tana iya kasancewa can tsohuwar hedikwatar ba nan ba. In garin yanzu yana Kebbi ko Zamfara, rabin labarin na Sakkwato rabi na Birnin Kebbi ko Gusau. In kuma abin ya shafi zamanin Turawa ne to hanyarka Kaduna ce. Ka rubuta shekarun nan a shafin farko na littafinka, 1903, 1960, 1967, 1976, 1991, 1996, 2000, duk labarin da ka ji ka duba tsakanin waɗanne biyu ya faɗa.

Yanzu sai ginin kanshi. Ka je da hantsi ranar aiki, ka yi sallama ga mai gadi, ka nemi iso wurin sakatare ko daraktan ma'aikata, ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka, kar ka fiddo waya ka kama ɗaukar hoto kafin a ba ka izini don ofishin gwamnati ne, kuma a halin tsaron da ake ciki ba wanda zai ga baƙo yana ɗaukar hoton gini ya ƙyale shi. In kana da takardar gabatarwa daga makaranta ko daga uban ƙasa ko mai unguwa, ta fi komi sauƙaƙa maka. In an yarda, ka zagaya ginin ta baya tukuna, don gaba shi ake shafa ma fenti duk sanda sabon ciyaman ya hau, baya kuwa ba mai kula ta. Ka duba inda filasta ta ɓare, me ke ƙarƙashi, tubalin ƙasa ne ko jan bulo ko dutse ko bulon siminti. Ka auna kaurin bango a bakin taga, ko da hannu ne, bangon ƙasa na da yakan yi kauri sosai shi ya sa ɗakin ke da sanyi ko a watan Afrilu da Sakkwato ke tafasa. Ka ɗaga kai ka dubi rufi, in akwai inda silin ya buɗe ka leƙa, azara ce ko katako, akwai alamar ɗaurin guga da anka rufe da kwano daga baya ko babu. Maganar siminti tana taimakawa wurin kintace: kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a 1967, kafin nan siminti daga nesa yake zuwa, jirgin ƙasa ya kawo shi Gusau ko Ƙauran Namoda inda layin dogo ya kai a 1929, sannan a ɗoro shi a mota, don haka tsada gare shi kuma ba kowane gini ake zuba ma shi ba. Wannan ba hujja ba ce ta yanke shekara, alama ce kawai da za ka haɗa da sauran.

A ginin kawuna abin da ya fara gaya min gaskiya dakali ne. Cikin babban ɗakin, ta wajen gabas, akwai wani tudu da ya ɗara sauran daɓen da kamar taki ɗaya, sun ɗora kabad ɗin ƙarfe biyu a kai, na tambayi ma'aikacin da ke wurin ya ce shi dai haka ya ishe shi. Nan ne alƙali ke zama kan buzu da littattafanshi a gefe. Ta baya kuma akwai ƙofa da anka toshe da bulo, ana ganin shacinta sarai don fentin wurin ya fi sauran haske, da wani ɗan ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya can sama da sandunan ƙarfe uku, yanzu tsintsiya da bokiti ke ciki. Na daɗe tsaye a ɗakin nan. Irin waɗanga abubuwa su za ka nema, ƙofar da anka toshe, tagar da anka faɗaɗa, ɗakin da anka raba biyu da filawud, wurin da tuta take, rubutun da ke leƙowa ta ƙarƙashin fenti. In akwai allon buɗe gini manne a bango ka kwafe shi harafi da harafi, amma ka lura, sau da yawa allon na gyara ne ba na asalin gini ba. Ka zana fasalin ginin a takarda ko da zanen bai yi kyau ba, ka sa gabas da yamma, don wannan zanen shi za ka ɗauka ka kai ma tsofaffi.

Su tsofaffin nan su ne abin gaggawa, takarda tana iya jiranka shekara biyar, dattijo ɗan tamanin ba ka da tabbas. Ka nemi waɗanda sunka yi aiki ciki ko 'ya'yansu: muhuti, akawu, masinja, ɗan doka, dogari, direba, birkilan da ya yi gyara, limamin masallacin da ke kusa. Kar ka manta da mata, tsohuwar da ta yi shekaru tana sayar da fura ko masa a bakin kotu ta ga abin da alƙali bai gani ba, ta san ranar da anka kwashe kaya da kalar motar da ta kwashe su. Ka je da goro, in da hali ka haɗa da ɗan abin sayen magani, ka je bayan la'asar lokacin da an huta, ka durƙusa ka yi gaisuwa cikakka kar ka yi gaggawa. Malami ko tsohon alƙali Allah shi gafarta Malam za ka ce, mai sarauta ranka shi daɗe, sauran Baba ko Inna. Ka faɗi ɗan wa kake, don a ƙasar nan sai an san gidanku ake buɗe maka ciki. Kafin ka kunna rikoda a waya ka nemi izini, in an ce a'a ka mayar da ita aljihu ka riƙe biro.

Kuma don Allah kar ka tambayi tsoho wace shekara. Zai ba ka lamba don kar ya kunyata ka, lambar kuma ba lalle ta zama daidai ba. Ka tambaye shi da abin da ya sani: Sardauna na da rai ko bayan rasuwarshi, wato kafin Janairun 1966 ko bayanta. Lokacin yaƙin basasa ne, 1967 zuwa 1970. Zamanin Usman Faruk na gwamna ne, 1967 zuwa 1975. An canza hannun tuƙi ko tukuna, wannan Afrilun 1972 ne. Da fam da sule ake biyan tara ko da naira, don naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973. Kafin babban farin nan na farkon shekarun 1970 ko bayanshi. Zamanin Gwamna Kangiwa ne, 1979 zuwa 1981. Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya daɗe kan gado, 1938 har 1988, don haka in an ce maka zamaninshi ne sai ka ƙara matsawa da wata tambayar, wa ke uban ƙasa, wa ke alƙali, kai lokacin ka yi aure ko ba ka yi ba. Wani dattijo da ya yi aiki tare da kawuna, da na nuna mishi zanena sai ya ɗora yatsa kan ƙofar da anka toshe ya ce, "Ta nan aka shigowa da mai laihi, ɗana, ba ta gaba ba. Kawunka nan yaka tsayawa." Na tambaye shi yaushe sunka tashi daga wurin, ya yi shiru ya ce shi dai ya san albashinshi na ƙarshe a ɗakin nan naira anka ba shi, kuma soja ke mulki. Ka ga da wannan ya tsuke min abin tsakanin 1973 da 1979, in dai ba sojan da sunka dawo mulki daga baya yake nufi ba, kuma 1976 na tsakiya.

Ka ji daga bakin mutum uku aƙalla, kowa shi kaɗai, don in ka tara su wuri ɗaya babba zai yi magana sauran su ce haka ne. Inda sunka saɓa kar ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi, ka rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa a littafinka.

Sai takardu. Ka fara da kusa. A sakatariyar kanta ka nemi sashen ayyuka da wanda ke riƙe da rajistar kadarori, ka tambayi takardar miƙa aiki da tsofaffin bayanan zaman majalisa. A ɓangaren shari'a ka nemi rajistara, don littattafan shari'a kotu suke bi duk inda ta koma. A ma'aikatar filaye da safiyo ana iya samun taswira ko fayil ɗin filin, ka tuna dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izininsu, to wannan ma yana nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Zan gaya maka gaskiya, a nan ne zuciya ke karyewa. Wani ofishi da na je, bayan zuwa huɗu anka buɗe min sito, fayil jibge a ƙasa babu kantar ɗora su, ruwan damina ya shiga ta rufi, na ɗaga na sama sai na ƙasa ya biyo shi a dunƙule kamar tuwo, gara ta gina gidanta tun daga daɓe har tsakiyar tarin. Wanda ya buɗe min ma ranshi ya ɓaci, ya ce ya sha rubuta takardar neman kanta. In ka ci karo da irin wannan kar ka yi faɗa, ka nemi izini ka ɗauki hoton duk shafin da ke karantuwa, bango da lambar fayil tukuna sannan ciki, kuma kar ka fita da ko warƙa ɗaya, ba taka ba ce.

Cikin birnin Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, wadda anka sa ma sunan Wazirin Sakkwato masanin tarihi da ya rasu a 1997, suna aje da takardun Larabci da ajami da na zamanin En'e, wurin ya cancanci ka ba shi kwana biyu ko uku ba leƙawa ɗaya ba. Sai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da anka kafa a 1975, ka je sashen tarihi da laburare ka tambayi kundayen da ɗalibai sunka rubuta kan garinku ko gundumarku, ɗalibai da yawa sun yi hira da dattawan da yanzu ba su duniya, kuma a ƙarshen kowane kundi za ka ga lambobin fayil ɗin da sunka duba, ka kwafe su don za su rage maka wahala a Kaduna.

Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, can takardun Lardin Sakkwato suke, lambarsu tana farawa da SOKPROF, na sakatariyar lardunan Arewa kuma SNP. Kar ka je kana neman fayil mai sunan gininka, da wuya ka samu. Ka nemi rahoton shekara-shekara na Razdan, da rahoton Di'o kan gundumarku, da kasafin kuɗin baitulmali, da fayil ɗin kotunan En'e da na ayyuka. A kasafin kuɗi ne za ka ga layi ɗaya tak da ke cewa an ware fam kaza don gina ɗakin shari'a a gari kaza, wannan layin shi kake nema, kuma sai ka duba rahoton shekarar da ta biyo don ka ga ko an gina ɗin, don ware kuɗi daban yin aiki daban. Ka shirya kwana uku zuwa mako, ka tafi da katin shaida da takardar gabatarwa, ka tambayi ƙa'idarsu ta ɗaukar hoto. Tunda kana garin ka biya Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello. Tsofaffin jaridu ma suna da amfani, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, New Nigerian a 1966, bikin buɗe gini da naɗin alƙalai irin labaran da suke bugawa ne, haka gazet ɗin gwamnati inda ake shelar kafa kotu ko rushe ta. In kuwa ginin na tarayya ne kuma ma'aikatar ta ƙi kula ka, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta takarda, ta kuma ba su kwana 7 su amsa, ka riƙe kwafin da anka buga ma hatimin karɓa.

Takarda marar kwanan wata ma tana faɗin shekarunta in ka iya dubawa. Kan takardar Jihar Arewa ne ko Arewa maso Yamma ko Sakkwato, kuɗin da ke ciki fam da sule ne ko naira da kwabo, hatimin na En'e ne ko na ƙaramar hukuma. Na alƙalai kuwa da yawa da Larabci ko ajami suke kuma da shekarar Hijira. Lissafin kusa shi ne ka raba shekarar Hijira da 33, abin da ya fito ka cire shi daga shekarar, ka ƙara 622. Misali 1380, in ka raba ya ba ka kusan 42, ka cire saura 1338, ka ƙara 622 ya zama 1960, kuma lalle 1380 ta kama ne a tsakiyar 1960. Yana iya kuskurewa da shekara ɗaya, don haka in ranar na da muhimmanci ka duba da manhajar canza kwanan wata. In ba ka iya karanta rubutun hannu na da ba, ka kai ma malamin zaure ya karanta maka, ka biya shi ladan lokacinshi.

Akwai amana a wannan aiki da nake roƙon kowa ya riƙe. Littafin shari'a cike yake da asirin mutane, sakin aure, rikicin gado, bashi, zargin sata, wasu ma maganar asali, kuma jikokinsu suna nan cikin gari muna sallah sahu ɗaya. Kai tarihin gini ka zo nema. Ka ɗauki shekara, da sunan kotun, da irin ƙararrakin da ake kawowa, ka bar sunayen masu ƙara inda ka gan su, kar ka ɗora hoton shafin a Facebook don a yaba maka. Ni na ga sunan gidan da na sani a wani shafi, na rufe littafin, ko matata ban gaya ma ba.

In ka tara abin da ya samu sai ka zauna ka rubuta, kuma kar ka jira sai komi ya cika don ba zai cika ba. Ka jera shi bisa shekaru, wa ya gina, don me, wace kotu ta zauna, yaushe ta tashi, ina ta koma, wa ya karɓa, me anka canza a jikin ginin. Kowace magana ka nuna daga ina ta fito, wadda ka gani a takarda ka sa lambar fayil, wadda ka ji a baki ka ce ji ka yi da ranar da ka ji, wadda kintace ne daga bango da rufi ka ce kintace ne. Ka rubuta da Hausa don mutanen garin su karanta, in ya so ka yi na Turanci daga baya. Kafin ka fitar, ka koma wurin dattawan da sunka ba ka labari ka karanta musu, za su gyara maka sunaye da sarautu, kuma haƙƙinsu ne su ji. Sannan ka buga kwafi huɗu ko biyar, ɗaya ga sakatariyar, ɗaya ga uban ƙasa, ɗaya ga hukumar tarihi, ɗaya ga makarantar sakandaren garin, hotuna da muryoyin kuma ka aje su wuri biyu ban da wayarka. In kana ganin ginin ya kai a kare shi daga rushewa, Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa da anka kafa a 1979 ita ke da alhakin ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa, ka rubuta musu ta hannun hukumar tarihi ta jiha ka haɗa da kwafin aikinka.

Nawa shafi tara ne kawai da zane ɗaya da hoto goma sha biyu. Ranar da na kai ma sakataren kwafinshi na roƙe shi abu ɗaya, in an tashi gyaran daɓe a bar dakalin nan na gabas yadda yake, ya ce zai gaya ma sashen ayyuka, ya kuma sa anka sauke kabad ɗin biyu daga kai tun ina tsaye.